Baraguzan tsohon gidanmu: in zubar ko in mayar da su cikin sabon gini?

Dan_Mandawari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah masu sana'ar su yi magana, ba masu "na ji an ce" kaɗai ba. Gidan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, a cikin birni. Daminar bana ta ci bangon yamma, soron ƙofar gida kuma ya tsage tun daga zanko har ƙasa. Mun zauna da 'yan'uwa mun yanke a rushe a sake. Gidan haɗin gambiza ne: asalinsa tubali da azara, sai ɗakuna biyu na bulo da Baba ya ƙara muna yara, sai ɗan bene na kankare da babban yayanmu ya ɗora daga baya. Mai tifa ya ce sai na biya shi kafin ya kwashe baraguzan. Shi kuma ɗan yayata da ke karatun zanen gine-gine a Zariya ya ce kada in kuskura in zubar da ko cikin cokali. Wai yanzu duniya ta koma abin da suke kira tattalin arziki mai zagayawa, wato kayan gini ba sa mutuwa, sai dai su sake gida. Tun shekaranjiya yana yawo da waya yana ƙirga azara ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hoto, yana shigarwa a wani jadawali. Ni dai abin ya yi mini kama da abin da kakanninmu suke yi ba tare da sun raɗa masa suna ba. To me zai moru a ciki, me kuma zai jawo mini da-na-sani?

Birkila_Tanko:
Wa alaikumus salam Alhaji. Azarar nan kada ka bari ko ɗaya ta fita daga gidan sai da saninka. Tsohuwar azara ta giginya da ta sha hayaƙi shekara da shekaru, gara ba ta iya mata. Ta yanzu da ake kawowa rabinta ɗanya ce. Ka sa a sauke rufin da hannu, kada a kawo katafila.

MaiTifa_Kwanar_Dawaki:
Wanda ya ce ka biya shi ya kwashe, ci biyu zai yi. Zai karɓi naka, ya je ya sayar wa mai neman ciko. Ni sana'ata ce, na san mu.

Ummu_Hanan:
Hhhh, kifi na ganinka mai jar koma. Yau mai tifa ya tona asirin masu tifa.

Inj_Sadiya:
Alhaji, bari in rarraba maka, don ba duka ne hukuncinsu ɗaya ba.

Fasassun bulo da kankare: ka yi ciko da su a ƙarƙashin daɓe, a farfasa su ƙanana, a jiƙa, a daddanne sosai hawa-hawa. Nan ne gurbinsu. Amma kada birkila ya ce maka zai zuba su a madadin tsakuwa a ginshiƙi ko a kankaren rufin bene. Tsohon siminti da ya manne a jikinsu yana shan ruwa fiye da tsakuwar dutse, sai kwaɓin ya fito ba ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A ƙasashen da suke yin kankare da irin wannan, niƙawa ake yi da inji, a tace, a wanke, a gwada a ɗakin gwaji kafin a yarda. Mu nan wa zai gwada maka?

Rodin da za a ciro daga benen, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Yaran da suke fasa kankare da guduma suna lanƙwasa shi, sai a miƙar, wani ma har a sa masa wuta don ya yi laushi. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar ya riga ya gaji a wurin, ido ba ya gani. Ka yi tagar ƙarfe da shi, ko rumfa, ko ka sayar wa 'yan gwangwan a narka. Kada ya koma ɗaukar nauyin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa.

Sannan abin da ba wanda ya ambata: in akwai tsohon silin ɗin nan mai kama da takardar siminti, mai yiwuwa na asbesto ne. Kada a fasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon sai bayan shekaru yake bayyana. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, masu aikin su rufe hanci. Wannan kam ba ya cikin abin da ake juyawa.

Dan_Mandawari:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Silin ɗin ɗakunan Baba kuwa irinsa ne, fari-fari mai ɗan kauri. Da yau za a fara ɓalle shi.

Sarkin_Shakka:
Ni fa ban gane wannan sabon yayi ba. Turawa sun gama cika sama da hayaƙi shekara ɗari biyu, sun gina biranensu da ƙarfe da kankare, yanzu da talaka ya samu ya ɗan yi bulo ya rabu da yaɓe duk shekara, sai a ce masa ya koma laka don a ceci duniya. Su je su koma lakar mu gani. Alhaji, in kana da hali ka zuba siminti ka huta.

Bazazzagi77:
Sarkin_Shakka, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma ba don Bature nake kallon abin ba, don aljihuna ne. Ka manta farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira dubu goma? Gine-gine nawa ne suka tsaya a linta har yau? Kuma dubi inda ake ɗauko shi: Obajana a Kogi, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe. Duk buhun da ya iso Kano ya sha dizal ɗin tirela, kai ne kake biya. Ƙasar da ke tsakar gidan Alhaji kuwa tana nan zaune, ba ta hau mota ba.

Dalibin_Zane:
Ni ne ɗan yayar da ake magana. Kawu, ashe nan ka kawo ƙarata.

Sarkin_Shakka, yallaɓai, ba cewa aka yi a daina siminti ba. Amma yana da kyau a san abin da ke cikin buhun nan. Dutsen farar ƙasa ake gasawa a murhun da zafinsa ya kai digiri 1450. Hayaƙi iri biyu ke fita: na man da aka ƙona, da kuma wanda dutsen da kansa yake saki idan ya gasu, kuma wannan na biyun ya ma fi yawa. Shi ya sa ko da hasken rana za ka kunna masana'antar, ba ka rabu da shi ba. Siminti kaɗai yana ba da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Mu ba mu muka jawo ba, na yarda, amma zafin da ambaliyar a kanmu suke sauka.

Jadawalin da Kawu yake yi wa dariya kuwa, ba ni na ƙirƙiro ba. A Holan akwai wata rajista ta intanet mai suna Madaster da aka buɗe a 2017, inda ake yi wa gini abin da suke kira fasfon kaya: ƙarfe nawa ke ciki, katako nawa, gilashi nawa, a ina kowanne yake, yaya aka ɗaura shi. Ranar da za a rushe, an san abin da za a samu tun kafin a taɓa. Ni abin da na yi ƙanƙani ne: azara 143 na ƙirga, 20 da wani abu sun ruɓe a kai inda yoyo yake, ƙyauren katako huɗu, kwano 60 da za su moru.

Ummu_Hanan:
Fasfo kuma? Mu da mutane ma ba su gama samun katin ɗan ƙasa ba, sai azara.

Bahaushe_a_Holan:
Ummu_Hanan kin sa ni dariya a cikin jirgin ƙasa. Amma abin da yaron ya faɗa haka yake. Ina aiki da masu rushe gini a nan shekara shida ke nan. Gwamnatinsu ta sa wa kanta 2050 a matsayin shekarar da take so tattalin arzikin ƙasar ya zama mai zagayawa gaba ɗaya. Sai dai in faɗa muku abin da na gani da idona: mafi yawan kankaren da muke rushewa ba sabon gini yake komawa ba, niƙe shi ake yi a shimfiɗa a ƙarƙashin titi. Wato ciko, irin wanda Injiniya Sadiya ta faɗa. Su kansu suna ƙorafin cewa wannan saukar daraja ce, ba zagayawa ta gaskiya ba. Abin da ya fi wahala a nan shi ne kuɗin hannu. Ka sa mutum ya zauna yana cire ƙusa a katako, albashinsa na awa ɗaya ya fi katakon tsada. Mu kuwa a gida wannan ne muke da shi a wadace. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ya san babu abin da ake yarwa. Tsohuwar taga, tsohon famfo, ƙusar da aka miƙar. Da Baturen nan zai ga Panteka sai ya rubuta littafi.

Birkila_Tanko:
To ai shi ne. Mu muna yi don babu, su suna yi don sun ƙoshi.

Malam_Na_Soro:
Ni tsohon magini ne, gadon gidanmu ne, jikana ke rubuta mini. Yaro Dalibin_Zane, Allah ya yi maka albarka, amma ka ƙirga azara ka manta da babbar dukiyar, ita ce ƙasar. A da in bango ya faɗi ba a kai shi ko'ina. A nan za a farfasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa, a sake murza tubali. Ƙasar da ta taɓa zama gini ta fi sabuwa daɗin aiki. Amma ban da ta gindin bango, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, musamman wajen makewayi da turken dabbobi. Wannan ta sha gishiri, za ka ga tana fari-fari tana zubowa kamar gari. In ka mayar da ita za ta ci maka sabon bangon. Manoma ake ba wa, taki ce mai kyau.

Kuma abin da ake shafe bango da shi duk daga shara yake fitowa. Makuba daga ɓawon ɗorawa. Laso daga katsin da marina suke kwashewa a gindin karofi, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata. Sharar marini da sharar majemi su ne simintin magini. Yanzu karofi nawa suka rage, in ka cire na Ƙofar Mata? Ɗorawar ma an sare. To ko ka ce za ka yi irin na da, kayan haɗin ba su nan.

Dalibin_Zane:
Baba, wallahi wannan na gindin bangon ba a koya mana a aji ba. Na gode. In ka ba ni izini zan zo in zauna da kai da littafi.

Sarkin_Shakka:
Duk na ji. Amma ku amsa mini wannan: masallacin Juma'a na Zariya da ake ta yabo, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ba wani sashe nasa ne ya rufto kan masallata a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka ba? Tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi a daminar 2024. Duk shekara in aka ce ruwa ya rushe gidaje dubu kaza, je ka duba, na ƙasa ne. Wannan fa?

Inj_Sadiya:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma masallacin Zariya tun ƙarni na 19 yake tsaye, ya kusa shekara 200. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kankare ne da rodi, ko gama shi ba a yi ba. Kowane irin gini yana da abin da ke kashe shi. Na ƙasa ruwa ne: in ba shi da harsashi mai tsayi, ba indararo mai kyau, ba a yaɓe a kan kari, zai tafi. Na kankare kuma ha'inci ne. Na taɓa zuwa duba wani aiki, na murza bulo da yatsa ya zube kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Da na matsa wa mai buga bulon sai ya ce sittin yake fitarwa a buhu. Sittin! Wannan ai yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa.

Hajiya_Damagaram:
Sannunku 'yan Najeriya. Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Faɗuwar masallacin nan ta yi mana ciwo ƙwarai, ruwan shekarar ya wuce misali. Amma ku zo ku ga abin da ake yi da ƙasa yanzu a wajenmu. A Dandaji, cikin jihar Tawa, wata 'yar ƙasarmu mai zanen gini, Mariam Kamara, ita da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, an gama a 2018. Tsohon masallacin kuma ba su rushe shi ba, gyara shi suka yi ya zama ɗakin karatu. A Yamai ma akwai gidajen da suka yi da irin bulon nan, masu bene. Kafin su kuma akwai masallacin Yaama na Alhaji Falke Barmu, magini ne na gargajiya, ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1986. Ni ɗakin ƙasa nake kwana a bazara, na siminti da kwano kuwa sai dai a ajiye kaya, ko kaza ba ta zama ciki da rana.

Bazazzagi77:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu gina akwatin siminti, mu rufe da kwano, sannan mu sayi janareta da fanka mu yi ta faɗa da zafin da mu muka gayyato shi. Ga Francis Kéré na Burkina Faso, da makarantar firamare ta bulon ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, a 2022 ya ci Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a zanen gini. Mu kuwa in ka yi ginin ƙasa sai a ce karayar arziki ta same ka, ko aure za ka nema sai an yi maka gori.

Ummu_Hanan:
Gaskiya dai, Bazazzagi, ni ma in 'yata ce sai na tambaya. Ba gori ba ne. Wa zai riƙa yaɓen duk shekara? Da akwai gayya, a tara matasan unguwa a dafa abinci a yi a gama. Yanzu ko ɗanka ka ce ya ɗauko maka bokitin kwaɓi sai ya ce yana da lakca. Kuma mu mata mu muke sharar ƙasar da ke zubowa, mu muke fama da kunama a jikin azara. Ku riƙa tambayarmu kafin ku yanke.

Inj_Sadiya:
Ummu_Hanan, wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita ce amfanin bulon da Hajiya ta faɗa. Jar ƙasa ce ake tacewa, a sa mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan yayyafa ruwa, a matse da inji, a rufe da leda ya yi makonni yana shan danshi kafin a hau gini. Ba ya son yaɓen shekara-shekara in an ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare kuma rufin ya fito ya kare bango. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injin matse shi. Matsalar ita ce ba kowace ƙasa ke yi ba, kuma birkilolin da suka iya shi ba su da yawa. Alhaji, ka ɗebi ƙasar bangon ka zuba a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. In lakar ta yi yawa sai an ƙara yashi, in ba haka ba bulon zai tsattsage.

Ustaz_Abu_Maryam:
Afuwan, zan ɗan karkatar da zancen. Alhaji ya ce gidan mahaifinsu ne. An raba gadon kuwa? Domin azarar nan 143 da yaro ya ƙirga, da ƙyamaren, da kwanon, har rodin da za a sayar wa 'yan gwangwan, duk dukiyar magada ce, har da mata da marayu in akwai. Mutane suna raba fili su manta da abin da ke kansa, sai wanda yake kusa ya kwashe. Na ga zumuncin da ya lalace a kan tsohon kwano. Wannan jadawalin na waya, ni a wajena babban amfaninsa ke nan: a tura wa kowane magaji ya gani, a yi komai a fili.

Dan_Mandawari:
Allah ya gafarta Malam, ka tuna mini abin da ya fi komai. Ba a raba ba, tare za mu gina. Amma akwai ƙannenmu mata biyu da ke aure a Jos da Maraɗi, ban ma yi tunanin sanar da su maganar azara ba. Yau zan sa yaron ya tura musu.

MaiTifa_Kwanar_Dawaki:
Tunda ana maganar waya, mu ma fa mun shiga zamani. Muna da zaure a WhatsApp, direbobi da 'yan kwangila da masu buga bulo, mun fi ɗari biyu. Mai rusau ya sa hoto ya ce ga baraguzai tifa goma a wuri kaza, mai neman ciko ya ce ina so. Da sai in kai kaya in dawo fanko, yanzu ina dawowa da lodi, dizal ɗaya aiki biyu. Ba mu san sunansa da Turanci ba amma muna yi.

Sai dai in faɗi laifinmu. Da yawa cikin cikon nan kududdufi ake kai shi. A cike, a yanka filaye, a sayar.

Malam_Na_Soro:
To ka ji inda aka kashe mu. Kududdufan birni ai ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidajen ne da ganuwa. Gida ya tashi, rami ya samu, ruwan unguwa ya gangara can. Yanzu an mayar da gidan cikin ramin an gina wani a kai. Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa, sai ya shigo ɗaki.

Dalibin_Zane:
Baba, wannan ma wurin da na'ura za ta yi amfani ne da ana so. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya suna nan kyauta, kowa zai iya buɗe Google Earth ya ja baya ya ga kududdufin da ke unguwarsu da yadda aka cinye shi. Kano tana da KANGIS, Kaduna tana da KADGIS, Abuja tana da AGIS, duk taswirar filaye a kwamfuta. Wanda zai sayi fili ya duba ko tsohon rami ne kafin ya biya.

A makaranta kuma ana koya mana BIM, wato ka gina gidan gaba ɗaya a kwamfuta tukuna, kowane bango ya san bulo nawa ne a cikinsa, kowane ginshiƙi ya san rodinsa. In bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙin kwance, a allo za ka gani, ba sai an zuba kankare a dawo ana fasawa ba. A Ingila tun 2016 gwamnati ta wajabta shi a ayyukanta.

Dan_Kwangila_Gaskiya:
Yaro, ina jin ka. Na yi aiki da zanen kwamfuta mai kyau kamar a lashe. Ranar da aka kai wurin aiki, mai gidan ya zo ya tsaya ya ce a matsar da bangon nan taku biyu, uwargida ta ce ɗakinta ya yi ƙanƙanta. Birkila ya ja layi da ƙafa a ƙasa, shi ke nan an gama da kwamfuta. Kuma kwamfutarka za ta rubuta rodi mai 12, a kasuwa a ba ka wanda aka rubuta wa 12 amma bai kai ba. Ni yanzu sikeli nake ɗauka. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, ya kamata ya yi kilo 10 da rabi da 'yan kai. In ya gaza sosai, a mayar. Wannan sikelin ya fi mini kowace manhaja.

Abin da waya ta yi mini na gaske shi ne hoto. Kafin a zuba kankare ina ɗaukar kowane ginshiƙi da rodinsa a buɗe, da awo a jiki, in tura wa mai gida. Ko bayan shekara 30 jikansa zai rushe, ya san abin da ke ciki. Da yayan Alhaji ya yi haka lokacin da ya ɗora benen nan, da yanzu ba a tsaya ana canki-canka ba.

Bahaushe_a_Holan:
Dan_Kwangila, ai fasfon ke nan ka yi ba ka sani ba. Amma hoton ma a yi hattara. Ni da nake aika kuɗi gida ana mini gini, wata shida ana turo mini hoton ginin maƙwabci. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ɗan'uwa ne. Yanzu sai bidiyo kai tsaye, kuma sai an nuna mini bishiyar darbejiyar da ke ƙofar filin.

Sarkin_Shakka:
Kun gani ko? Na'ura ba ta gyara hali. Ni har yanzu ina kan bakata. A rusau ɗin Kano na 2023 kowa ya ga matasa suna wawar rodi a cikin ƙura, gini yana faɗowa. Ina rodin nan ya tafi? Yana cikin gidajen mutane yanzu, an shafe da fulasta. Wannan ita ce zagayawar tamu.

Birkila_Tanko:
Wannan kam ba ƙarya. An kawo mini irinsa a wani aiki na ce ba da ni ba. Mai gidan ya sallame ni ya kawo wani.

Inj_Sadiya:
Rodin rusau ɗin, wani ya tafi gini, wani ya tafi masana'anta. Mafi yawan rodin da ake yi a ƙasar nan ai daga tsohon ƙarfe ake narka shi, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajakuta ba ta taɓa tashi yadda aka tsara ba. Narkawar ba laifi ba ce, ƙarfe yana narkuwa sau nawa ma ya dawo sabo. Laifin a rashin awo yake.

Dan_Mandawari:
Jama'a na gode, kaina ya cika. Ga inda muka tsaya zuwa daren nan. An dakatar da ɓalle silin sai an samo abin rufe hanci. Za a sauke azara da hannu. Fasassun bulo za su shiga ciko a nan cikin gidan, don haka mai tifa ya yi haƙuri. Rodi za a auna a sayar, kuɗin ya shiga asusun magada. Inda muka rabu shi ne bango: ni da yaron muna son a gwada bulon ƙasa ko a ɗakuna biyu na ciki, babban yaya ya ce shi ba zai sa kuɗinsa a laka ba, mutane su ce 'ya'yan Alhaji sun kasa. Ta Maraɗi ta goyi bayanmu, ta Jos ba ta amsa ba tukuna. Kwalbar Injiniya tana kan taga, ruwan bai gama kwanciya ba.

Ummu_Hanan:
A tambayi matan da za su zauna a ɗakunan biyu dai.

Hajiya_Damagaram:
Alhaji, in yaya ya ƙi, azarar da ta rage nawa za ku sayar? Ina da mai so a Matamai.

Birkila_Tanko:
Hajiya a bi layi, ni na fara magana tun safe.